Tasirin Cutar Korona ga Masu Juna Biyu da Jarirai a Nahiyar Afirka

1.0 Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ga mace da tsohon ciki, addu'ar da yakan yi mata ita ce "Allah ya raba lafiya". Wannan addu'a, da kuma laƙabin "mai juna biyu" da ake sakaya mai ciki da shi, suna nuni da cewa rayuka biyu ne a haɗe cikin jiki guda, kuma ba a yin barka sai an raba su kowanne da ransa. Saboda haka duk cutar da ta kama mai ciki, mutum biyu ta kama. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda cutar korona ke shafar mata masu ciki da jariran da suke haifa a nahiyar Afirka. Za a fara da fayyace wasu kalmomi, sa'annan a dubi dalilan da suka sa mai ciki ta fi sauran mata shiga haɗari, a kawo sakamakon binciken da masana suka gudanar, a kuma nazarci ɓarnar da annobar ta yi ta bayan fage, wato ta hanyar toshe wa mata hanyar zuwa asibiti.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kalmar "korona" ta samo asali ne daga harshen Latin, inda take nufin kambin sarauta. An ba ƙwayar cutar wannan suna ne domin ƙayoyin da ke kewaye da jikinta sun yi kama da kambi idan aka dube ta da madubin likita mai ƙarfi. Sunan ƙwayar a wurin masana shi ne SARS-CoV-2, cutar da take haddasawa kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa mata suna COVID-19 a ranar 11 ga Fabrairu, 2020. Kafofin watsa labarai na Hausa sun jarraba sunaye daban-daban, kamar "cutar sarƙewar numfashi" da "murar mashaƙo", amma "korona" ita ce ta zauna a bakin jama'a. Hakan ya yi daidai, domin kalmar "mashaƙo" ita ce aka yi amfani da ita ga wata cuta daban, ta maƙogwaro, wadda ta ɓarke a Kano da wasu jihohi a 2023. A wannan maƙala "korona" za a riƙa amfani da ita.

"Bakwaini" a asalin Hausa shi ne jaririn da aka haifa a wata na bakwai. A nan an faɗaɗa ma'anar ta haɗa da duk jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37, kamar yadda likitoci suke ƙidaya. "Mabiyiya" kuwa ita ce tsokar nan da ke manne da bangon mahaifa, wadda ta cikinta ne abinci da iska suke isa ga ɗan tayi ta igiyar cibiya, kuma takan biyo bayan jariri idan an haihu. "Jijjiga" ita ce fizge-fizge da suma da hawan jinin masu ciki kan haifar idan ya yi tsanani.

3.0 Shigowar Cutar Afirka

An fara ba da rahoton cutar a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Ta iso Afirka ta ƙasar Masar a ranar 14 ga Fabrairu, 2020, sa'annan aka tabbatar da ita a Legas a ranar 27 ga watan, wanda shi ne karo na farko a ƙasashen kudu da Sahara. Afirka ta Kudu da Ghana da Nijar duk sun biyo baya a cikin watan Maris, watan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya.

A farkon lamari, ƙarancin alkaluman da ake bayarwa ya sa mutane da yawa suka ɗauka cewa cutar ta tsallake Afirka. Daga baya binciken jini ya nuna akasin haka. A watan Afrilu na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa kimanin kashi 65 cikin 100 na mutanen nahiyar sun riga sun kamu zuwa watan Satumba na 2021, sai dai mafi yawansu ba su nuna wata alama ba. Ke nan miliyoyin mata sun yi goyon ciki da ƙwayar cutar a jikinsu, galibinsu ba tare da an taɓa yi musu gwaji ba.

Wajibi ne kuma a tuna da halin da cutar ta tarar. A ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, mata 260,000 ne suka rasu a duniya a dalilin ciki da haihuwa a 2023, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na wannan adadi daga ƙasashen kudu da Sahara suke. Nijeriya kaɗai tana da kimanin 75,000. Annobar ta sauka ne a inda haihuwa ta riga ta fi ko'ina haɗari.

4.0 Dalilan da Suka Sa Mai Ciki Ta Fi Shiga Haɗari

Ciki ba ciwo ba ne, amma yakan sauya yadda jikin mace yake aiki ta hanyoyi uku da suka shafi wannan cuta.

4.1 Numfashi

Yayin da mahaifa ke girma, takan tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama da kimanin santimita huɗu. Wannan yakan rage iskar da ke saura a huhu bayan an fitar da numfashi, alhali buƙatar jiki ga iskar oksijin ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, domin uwa tana shaƙa wa kanta da ɗanta. Huhun mai tsohon ciki yana aiki ne ba tare da wani rara mai yawa ba. Idan ƙwayar korona ta sauka cikinsa ta haddasa kumburi da taruwar ruwa, iskar da ke cikin jini takan ragu da sauri fiye da ta macen da ba ta da ciki.

4.2 Garkuwar Jiki

Ɗan tayi rabin halittarsa daga uba yake, don haka a wurin garkuwar jikin uwa tamkar baƙo ne. Domin kada ta yaƙe shi, garkuwar takan sauya salon aikinta a tsawon goyon ciki. Wannan sauyi yana kare cikin, amma yana rage ƙarfin tunkarar wasu ƙwayoyin cuta. An ga haka a annobar mura ta 1918 da ta 2009, waɗanda suka yi wa masu ciki mummunar illa. Likitocin Nijeriya ma sun daɗe da sanin yadda zazzaɓin Lassa yake tsananta ga mace a watanni ukun ƙarshe na ciki.

4.3 Jini

Jinin mai ciki yakan ƙaru da kusan rabi, kuma yakan fi saurin daskarewa, wanda shiri ne na jiki domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Ita kuma korona tana raunata bangon jijiyoyi tana ƙara wa jini saurin daskarewa. Idan biyun suka haɗu, gudan jini na iya toshe jijiya a ƙafa ko a huhu ko a mabiyiya.

5.0 Abin da Bincike Ya Nuna Game da Uwa

Ya kamata a fara da cewa mafi yawan masu cikin da suka kamu sun warke, sun kuma haihu lafiya. Haɗarin yana ga tsirarun da cutar ta yi wa tsanani, kuma a cikinsu masu ciki sun fi yawa fiye da yadda ya kamata.

Babban bincike na farko da ya haɗa da matan Afirka shi ne wanda Jami'ar Oxford ta jagoranta, mai suna INTERCOVID, wanda aka buga sakamakonsa a watan Afrilu na 2021. An bi diddigin masu ciki 2,130 a asibitoci 43 na ƙasashe 18, ciki har da Nijeriya da Ghana, tsakanin Maris da Oktoba na 2020. Daga cikinsu 706 suna da korona. An gano cewa haɗarin hawan jinin masu ciki da jijjiga ya ƙaru da kashi 76 cikin 100 ga masu cutar, haɗarin kwanciya a ɗakin kulawa ta musamman kuwa ya ninka sau biyar. Mata 11 ne suka rasu daga cikin masu cutar 706, alhali mace ɗaya ce ta rasu daga cikin 1,424 da ba su da ita.

Bincike na biyu ya keɓanta ne ga Afirka. Ƙungiyar masana kiwon lafiya ta AFREhealth ta tattara bayanan mata 1,315 da aka kwantar a asibitocin ƙasashe shida, wato Nijeriya da Ghana da Kenya da Uganda da Afirka ta Kudu da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, daga Maris na 2020 zuwa Maris na 2021, aka kuma buga sakamakon a 2022. An kasa matan kashi uku: masu ciki da ke da korona, da marasa ciki da ke da ita, da masu ciki da ba su da ita. Wannan rabo ya ba da damar amsa tambayoyi biyu. A tsakanin matan da suka kamu, mai ciki ta ninka wadda ba ta da ciki sau biyu wajen haɗarin rasuwa a asibiti. A tsakanin masu ciki kuwa, wadda ta kamu ta ninka wadda ba ta kamu ba sau biyar. Har ila yau, an lura cewa matan da ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, da waɗanda suka taɓa yin tarin fuka, sun fi buƙatar ɗakin kulawa ta musamman. Sai dai a kula, waɗannan alkaluma na matan da aka kwantar a asibiti ne, wato waɗanda jikinsu ya riga ya yi tsanani, don haka ba za a shimfiɗa su a kan dukkan masu ciki ba.

Abubuwan da ke ƙara tsananin cutar a ko'ina su ne ƙiba da ciwon suga da hawan jini da yawan shekaru. A Afirka akwai ƙarin nauyi na ƙarancin jini, wanda binciken lafiyar al'umma na 2018 ya nuna yana damun kimanin kashi 61 cikin 100 na masu ciki a Nijeriya. Jinin da ya yi ƙaranci ba ya ɗaukar isasshiyar iska tun kafin huhu ya sami matsala. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro, wanda alamominsa na farko, wato zafin jiki da ciwon kai da kasala, suka yi kama da na korona, abin da kan sa a daɗe ana maganin ɗaya alhali ɗayar ce take cin jiki.

6.0 Abin da Bincike Ya Nuna Game da Jariri

6.1 Haihuwar Bakwaini

Wannan ita ce illar da ta fi bayyana. A binciken INTERCOVID, haɗarin haihuwa kafin lokaci ya ƙaru da kashi 59 cikin 100 ga matan da suka kamu. Yawancin irin wannan haihuwa ba naƙuda ce ta zo da kanta ba. Likitoci ne suka ga uwa na neman rasa numfashi, ko jininta ya hau ƙwarai, ko ɗan ya galabaita, sai suka yanke shawarar ciro shi domin a ceci rayukan biyu. A ƙasashen da kowane babban asibiti yake da kwalbar renon jarirai da wutar lantarki mai ɗorewa, bakwainin mako 32 yana da kyakkyawar damar rayuwa. A yawancin ƙauyukan Afirka kuwa, sanyi da wahalar numfashi da ƙwayoyin cuta suna iya ɗauke shi kafin ranar suna.

6.2 Mutuwar Ɗa a Ciki

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta nazarci haihuwa sama da miliyan ɗaya da aka yi tsakanin Maris na 2020 da Satumba na 2021, ta gano cewa haɗarin haihuwar ɗa ba rai ya kusan ninkawa sau biyu ga masu korona, kuma ya ninka sau huɗu a lokacin da nau'in Delta yake yaɗuwa. Wani nazari da aka buga a 2022 ya bayyana hanyar da hakan ke faruwa. An duba mabiyiyar jarirai 68 da suka rasu a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa a ƙasashe 12, aka tarar ƙwayar cutar ta lalata sama da kashi uku cikin huɗu na tsokar mabiyiyar a matsakaicin lissafi. Waɗannan jarirai rashin iska ne ya kashe su, domin hanyar da take bi ta isa gare su ta toshe. Nau'in Omicron, wanda masanan Afirka ta Kudu da Botswana suka fara ba da rahotonsa a watan Nuwamba na 2021, bai kai Delta tsanani ba, amma ya ci gaba da yin illa ga matan da ba su yi riga-kafi ba.

6.3 Ko Uwa Na Sa wa Ɗa Cutar?

Hakan na faruwa, amma ba kasafai ba. Wani nazari da ya tattara ɗaruruwan bincike, wanda aka buga a 2022, ya nuna cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 na jariran da masu korona suka haifa ne gwaji ya nuna suna da ƙwayar, kuma yawancinsu ba su yi ciwo mai tsanani ba. Cutar ba ta zama sanadin naƙasar halitta irin wadda cutar Zika ke haddasawa ba. Haka kuma binciken INTERCOVID bai sami alaƙa tsakanin shayarwa da kamuwar jariri ba. Tun a watan Yuni na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa uwa mai korona ta ci gaba da ba da nono, tun daga dakashi na farko, ta wanke hannu ta kuma sa takunkumin fuska.

Duk da haka, a farkon annobar asibitoci da yawa sun riƙa raba jariri da uwarsa don tsoron kada ta sa masa cutar. Wannan ya zama gudun gara an faɗa gidan zago, musamman ga bakwaini, wanda ɗumin ƙirjin uwa shi ne kwalbarsa. A watan Maris na 2021 hukumar ta bayyana ƙiyasin cewa goyon ƙirji, wato ɗora jariri fata da fata a ƙirjin uwa, zai iya ceton jarirai har 125,000 idan ya game ko'ina, alhali waɗanda za su iya rasuwa ta kamuwa da korona daga iyayensu ba su kai 2,000 ba.

7.0 Ɓarnar Bayan Fage

Akwai matan da korona ta yi sanadin rasuwarsu ba tare da ƙwayar ta taɓa shiga jikinsu ba. Daga ranar 30 ga Maris, 2020, gwamnatin Nijeriya ta sa dokar kulle a Legas da Ogun da Abuja, Kano kuma ta shiga kulle a watan Afrilu. Uganda ta hana zirga-zirgar motoci, Kenya ta sa dokar hana fitar dare. Naƙuda kuwa ba ta san doka ba. An sami rahotannin matan da suka rasu a gida ko a hanya a Uganda don rashin abin hawa, a Nairobi kuma sai da aka kafa wani shiri na musamman na ɗaukar masu naƙuda da dare zuwa asibiti kyauta.

Baya ga rashin abin hawa, akwai tsoro. Mata da yawa sun ƙaurace wa awon ciki don gudun kamuwa, ko don fargabar a ce suna da cutar a killace su. A wurin awo ne ake gano hawan jini tun bai kai ga jijjiga ba, a nan ake ba da maganin ƙarin jini da na kare mai ciki daga zazzaɓin cizon sauro. Tun kafin annobar, binciken 2018 ya nuna cewa kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Nijeriya ake yi a asibiti, a shiyyar Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne. A inda ake da al'adar ɓoye cikin fari don kunya, da haihuwa a ɗaki a hannun ungozoma, kaɗan ake jira a daina zuwa asibiti gaba ɗaya.

Alkaluma sun tabbatar da wannan ɓarna. Wani nazari da ya haɗa bincike 40 daga ƙasashe 17, wanda aka buga a 2021, ya nuna cewa haihuwar ɗa ba rai da mutuwar mata wajen haihuwa duk sun ƙaru a lokacin annobar, musamman a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A Afirka ta Kudu, inda ake bin bahasin mutuwar kowace mai haihuwa a asibiti, adadin ya hau a 2020, ya ƙara hawa a 2021, kafin ya sauko a 2022. A duniya baki ɗaya, an ƙiyasta cewa mace-macen sun tashi daga 282,000 a 2020 zuwa 322,000 a 2021.

8.0 Riga-kafi da Magani

Gwaje-gwajen farko na allurar riga-kafi ba su haɗa da masu ciki ba. Wannan ya bar giɓi da jita-jita ta cike, har aka riƙa yaɗa cewa allurar tana hana haihuwa ko tana zubar da ciki. Ita kanta allurar ta makara wajen isowa: kashin farko na shirin COVAX ya sauka a Ghana ranar 24 ga Fabrairu, 2021, a Nijeriya kuma ranar 2 ga Maris. Bayanan da aka tattara daga dubban ɗaruruwan masu cikin da aka yi wa allurar sun nuna cewa ba ta ƙara haɗarin ɓari ko haihuwar bakwaini, tana kuma rage tsananin cutar ƙwarai. Daɗin daɗawa, sinadaran kariya da jikin uwa ya samar sukan ratsa mabiyiya su isa ga ɗa, su kare shi a watanninsa na farko. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masu ciki a rukunin waɗanda za a ba fifiko wajen riga-kafi.

Ga wadda ta kamu, alamomin da ke wajabta gaggawar zuwa asibiti su ne ɗaukewar numfashi, da ciwon ƙirji, da zazzaɓin da ya ƙi sauka, da zubar jini, da raguwar motsin ɗa. Babban magani ga wadda ta galabaita shi ne iskar oksijin, wadda ƙarancinta ya addabi asibitocin nahiyar a lokacin annobar, sai magungunan rage kumburin huhu da na hana daskarewar jini. Kamuwa da korona kaɗai ba dalili ba ne na yi wa mace tiyata. Ana yin aiki ne idan halin uwa ko na ɗa ya buƙaci haka.

9.0 Kammalawa

An ga yadda sauye-sauyen da ciki ke kawowa ga numfashi da garkuwa da jini suke sa korona ta fi tsananta ga mai juna biyu, da yadda illarta ga jariri ta fi zuwa ta hanyar haihuwa kafin lokaci da lalacewar mabiyiya fiye da kamuwar jaririn kansa. An kuma ga cewa a Afirka matakan da aka ɗauka don tsare jama'a sun yi wa masu ciki tasu ɓarnar. A ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar, amma ƙwayar tana nan tana sauya kama, kuma wata annobar numfashi na iya ɓullowa. Darasin da aka samu shi ne a sa masu ciki cikin gwajin magunguna tun da wuri, a bar hanyar ɗakin haihuwa a buɗe ko da an rufe gari, kada kuma a raba uwa da jaririnta ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba. Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masana harsuna. Macen da aka yi wa bayani da harshen da take fahimta, da kalmomin da ba su rikita mata mashaƙo da korona ba, ita ce za ta gane lokacin da ya kamata ta bar gida ta nufi asibiti.